Zafin Saduwa da Ciwon Endometiriyosis: Jagora ga Matar da Ta Gaji da Cije Baki

Shekara huɗu na yi a gidan miji ina cusa fuskata cikin matashin kai don kada ya ji kukana. In an gama sai in lallaɓa banɗaki, in tsuguna riƙe da marata, ina jin kamar an soka mini tsinke mai zafi an bar shi a ciki. Wani lokaci ciwon ya kwana ya wuni, ina tafiya a sunkuye ina ce wa mutanen gida baya ne ke damuna. Na sha maganin sanyi har na haddace sunayensu. An ce sabon aure ne, zan saba. An ce raki ne. An ce in na haihu zai wuce. Sai da wata likitar mata ta saurare ni har ƙarshe, ta duba ni, aka yi mini aikin leƙa ciki da kyamara, sannan na fara jin sunan abin da ke cina: endometiriyosis.

'Yar'uwa, idan kin ga kanki a cikin wannan labari, ke nake yi wa rubutun nan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zafin da kike ji na gaske ne, yana da tushe a jikinki, kuma jurewa a shiru ƙara masa ƙarfi take yi.

Abin da ke faruwa a ciki

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri kowane wata, in ciki bai shiga ba ta zube, ita ce jinin al'ada. Mai endometiriyosis, wani nama mai kama da wannan shimfiɗa ne ke tsirowa a wajen mahaifarta: a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara. Shi ma yana amsa kiran sinadaran jiki kamar na cikin, sai dai ba shi da hanyar fita. Daga nan kumburi ke zuwa, sai tabo, sai gaɓoɓin da ya kamata su riƙa zamewa a kan juna su manne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa na da shi, wato mata da 'yan mata miliyan 190 a duniya. An daɗe ana ɗaukar cewa ciwon Turawa ne, bai cika kama matan Afirka ba. Wannan zato ya cuce mu ƙwarai, domin ya sa ba a nemansa a jikinmu tun farko.

To me ya haɗa shi da kwanciyar aure? A can ƙarshen farji, bayan bakin mahaifa, akwai wani ɗan lungu tsakanin mahaifa da dubura, da wasu jijiyoyi biyu da ke ɗaure mahaifa da ƙashin baya. Nan ne ciwon ya fi son zama. Idan namiji ya shiga da zurfi, wurin nan yake bugawa. Ki ɗauka kina da miki a tafin hannu, wani yana ta danna shi da yatsa.

Mataki na farko: ki san irin zafinki

Kafin ki gyara komai, ki sayi ɗan littafi na rubutu, ko ki buɗe wuri a wayarki da babu mai leƙawa. Wata biyu ko uku, duk lokacin da aka sadu, ki rubuta kwana nawa ke nan da fara al'adarki, a ina kika ji zafin, kuma yaya ƙarfinsa daga 0 zuwa 10.

Wurin zafin shi ne mafi muhimmanci, domin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na bakin ƙofa, mai raɗaɗi ko ƙuna ko jin kamar an toshe hanya, wanda yawanci daga bushewa ko ɗaurewar tsoka yake zuwa. Akwai kuma na can ciki, mai suka ko murɗa, wanda ke harbawa zuwa dubura ko ƙugu ko cinya, shi ne ya fi alaƙa da endometiriyosis kai tsaye. Da yawanmu duka biyun muke fama da su. Ki kuma rubuta ko ciwon na tsayawa da an tsaya, ko yana bin ki awanni, da irin kwanciyar da aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni sai da na yi wannan rubutu na gano cewa mako guda kafin al'adata wuta ce, amma kwanakin da ke bin bayan wankan tsarki jikina yana karɓa da sauƙi.

Mataki na biyu: ki daina jurewa

Wannan ne ya fi mini wuya, kuma na san zai yi miki wuya, domin da haƙuri aka raine mu. Ranar kai amarya ma kalmar da aka fi nanata mata ke nan.

Amma ga abin da jurewa ke yi. A ƙasan ƙugunki akwai tsokoki da suka shimfiɗu kamar raga, suna riƙe da mahaifa da mafitsara da dubura, sun kuma kewaye farji. Duk lokacin da kika ji zafi, suna ɗaurewa don su kare ki, kamar yadda ido ke rufewa in an kawo masa yatsa. In abin ya maimaitu sau ɗari, sai su fara ɗaurewa tun kafin a taɓa ki, da jin takun maigida kawai. Tsoron kuma yana kashe sha'awa, ni'ima ta ɗauke, shiga ta ƙara zafi, tsoro ya ƙaru. A kan haka jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa su ma sukan zama masu saurin firgita, har taɓawa mai sauƙi ta koma zafi. Shi ya sa za ki ga mace an yi mata tiyata an cire ciwon, amma saduwa ba ta daina mata zafi ba: jikin ya riga ya koyi tsoro.

Don haka ki ɗaura wa kanki doka: in zafi ya zo, a tsaya. A canza kwanciya, a sassauta, ko a bari sai wani dare. Kowane dare da ya ƙare ba tare da kuka ba, darasi ne sabo kike koya wa jikinki.

Mataki na uku: magana da maigida

Ba za ki iya kiyaye waccan doka ke kaɗai ba, mutum biyu ne a shimfiɗar. Kuma ki sani, shirunki yana magana a kunnensa, sai dai ba abin da kike nufi yake ji ba. Yana ganin kina juya baya, kina barcin ƙarya, kina ƙirƙiro aiki a kicin har ya yi barci, sai ya fassara cewa ba kya sonsa, ko kin raina shi. Aure da yawa sun mutu a kan wannan fassara, alhali ciwo ne a mara.

Kada ki ɗauko maganar a kan gado, ko lokacin da ya riga ya nemi buƙatarsa, ko cikin faɗa. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, hankalinsa a kwance. Ni bayan sallar isha'i na yi tawa, muna zaune a tabarma a tsakar gida an ɗauke wuta, kuma duhun nan ya taimake ni domin ba sai na kalli idonsa ba. Na riƙe kofin shayi har ya huce a hannuna kafin bakina ya buɗe. Na ce, “Abban yara, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maka saboda kunya. Wallahi ba gudunka nake yi ba. Duk lokacin da muka kwanta, akwai wurin da in ka kai nake jin kamar ana yanka ni. Likita ta ce ciwo ne, kuma akwai abin da za mu iya yi, amma sai da taimakonka.” Ya yi shiru mai tsawo. Abin da ya fara cewa shi ne, “Tun yaushe?” Da na gaya masa, sai ya dafe kansa.

Ki fara da tabbatar masa cewa kina sonsa, sannan ki faɗi ciwon a sarari, sannan ki nemi abu takamaimai: a riƙa ɗaukar lokaci kafin a fara, kada a zurfafa, a tsaya in kin ce a tsaya. Maza da yawa sun fi gane abin da za su yi a aikace fiye da doguwar shimfiɗa. In bakinki ya kasa, ki rubuta masa saƙo a waya. In kuma kin san maganarki ba za ta shige shi ba, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita, abin da wasu mazan ba sa musu da shi.

Na san abin da ke danne zukatan mata da yawa: tsoron zunubin ƙin amsa kiran miji. Malamai sun yi bayani cewa rashin lafiya uzuri ne, kuma ƙa'idar addini sananniya ce, ba cuta ba cutarwa. A Suratun Nisa'i, aya ta 19, an umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa. Matar da ta ce “ka dakata, ina jin ciwo” ba ta yi tawaye ba. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malama ko malamin da kika amince da iliminsa, ki gaya masa ainihin halin da kike ciki ba tare da rufa-rufa ba.

Mai kishiya kuma tana da nata nauyin. Ranar girkinki na iya faɗowa daidai kwanakin da jikinki ke wuta, ga fargabar kada a ce ɗakin can ya fi. Wannan fargaba ce ke sa mace ta cije ta jure har ta illata kanta. Ki yi magana da maigida cewa kwananki kwananki ne ko an sadu ko ba a sadu ba: hira, tausa, kwanciya a jikin juna duk haƙƙinki ne. Kuma sirrin ciwonki amana ce a hannunsa, ba labarin da zai kai wani ɗakin ba ne.

Akwai mazan da ko an yi musu bayani ba sa tsayawa. In kina faɗa masa yana ci gaba da ƙarfi kina kuka, wannan cutarwa ce, kuma kina da damar kai maganar gaban wanda yake jin nauyinsa, waliyyinki ko wani babba a danginsa, ko ki gaya wa likitarki.

Mataki na huɗu: lokaci da shiri

Littafin nan naki zai nuna miki kwanakin sauƙi. Ga mata da yawa, bayan gama al'ada ne zuwa kafin tsakiyar wata, amma ki bi abin da naki jikin ya nuna. Tsara lokaci ba ya rage daɗin aure. Ni dai ya dawo mini da ɗoki, domin na san daren da nake jira ba daren azaba ba ne.

A ranar, ki kula da cikinki. Bayan gida mai tauri yana zaune ne daidai bayan wurin da ke miki ciwo, don haka ki sha ruwa sosai, ki ci ganye da kayan marmari, zogale, kuɓewa, gwanda. Ki yi fitsari kafin ki kwanta. Ki yi wanka da ruwan ɗumi, ko ki zuba ruwan zafi a gora ki naɗe da tawul ki ɗora a mara kamar minti 15. Ɗumi yana sakin tsoka.

Wasu matan suna samun sauƙi in sun sha ibuprofen ko farasitamol kamar awa ɗaya kafin lokacin. Ki tambayi likita tukuna, domin ibuprofen da danginsa irin su diclofenac ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba, ba a shan su da yunwa, kuma mai neman haihuwa gara ta guje su a kwanakin fitar ƙwai. Kuma manufar maganin rage kumburi ce. Kada ki sha don ki kashe jikinki ki iya jure abin da bai kamata ki jure ba.

Sai wasa kafin saduwa, wanda a wurinki magani ne. In sha'awar mace ta motsa sosai, farji yana ƙara tsawo da faɗi daga ciki, mahaifa ta ɗan ɗaga sama, wato wurin ciwon ya ja baya daga inda za a buge shi. Wannan ba ya faruwa cikin minti biyu. Ku ba shi minti 20 ko fiye, kuma kada a shiga sai ke kin ce kin shirya.

Ki sayi man santsi a kemis, irin K-Y Jelly ko na Durex, ki shafa da yawa, ki ƙara in ya bushe. Ba abin kunya ba ne, kuma buƙatarsa ba ta nufin ba ki da ni'ima. Wasu magungunan ciwon nan da kansu suna kawo bushewa. Ki guji masu ƙamshi da masu sa ɗumi ko sanyi, suna iya ƙona fata mai laushi. In kuna amfani da kwaroron roba, kada ki sa Vaseline ko man kwakwa ko man zaitun, mai yana cinye roba ta fashe.

Mataki na biyar: yadda za a kwanta

Ƙa'idar guda ce: zurfi da sauri su kasance a hannunki. Kwanciyar da aka fi sabawa da ita, mace a rigingine an ɗaga ƙafafunta sama, tana daga cikin masu kai namiji can ƙurya. Haka ma in ta durƙusa ya zo ta baya, musamman ga wadda mahaifarta ta karkata baya ko ciwon ke kusa da dubura.

Ku gwada ke a sama, inda ke ce mai sauka da tashi, kina iya tsayawa a inda ya yi miki. Ku gwada kwanciyar gefe, fuska da fuska, ko shi a bayanki kun lanƙwashe tare, wannan ba ta ba da zurfi sosai. In kina rigingine, ki miƙe ƙafafunki ki haɗe cinyoyinki, nasa ƙafafun a waje. Matashin kai a ƙarƙashin ƙugu yana yi wa wasu daɗi yana ƙara wa wasu ciwo, sai kin gwada. Yana kuma iya riƙe gindin gabansa da hannu don ya rage tsawon abin da ke shiga, akwai ma zobba masu laushi da ake sa wa namiji saboda haka, irin Ohnut, ga wadda za ta iya yin oda. Mafi yawan jijiyoyin jin daɗin mace a waje suke da farkon shiga, don haka rage zurfi bai rage miki komai ba.

Ku yi yarjejeniya a kan alama tun kafin a fara. Mu tamu ita ce in na dafa kafaɗarsa sau biyu, ya tsaya cak, ba tambaya ba fushi. Sanin cewa ina da birki a hannuna shi kaɗai ya sassauta jikina fiye da kowane magani.

Wasu dararen kuma ba sai an shiga ba. Sumba, tausa da mai, wasa da hannu, biyan buƙatarsa tsakanin cinyoyi, wanka tare, duk auratayya ce, kuma duk suna iya kai ku ga gamsuwa. Ko a lokacin haila, inda aka hana saduwa, addini bai hana kusanci irin su sumba da runguma ba. In ciwon ya yi tsanani, ku amince ku ajiye shiga gaba ɗaya na mako uku ko huɗu, ku tsaya a kan waɗannan, har jikinki ya daina zabura in an taɓa shi. Wasu matan suna jin murɗar mara bayan sun kawo, saboda mahaifa da tsokoki suna matsewa a lokacin. In haka na faruwa da ke, ki sa shi cikin littafinki ki gaya wa likita.

Bayan an gama, ki yi fitsari, ki mayar da gorar ruwan ɗumi kan mara, ki kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyinki. Ki roƙe shi kada ya juya baya nan take.

Mataki na shida: koya wa tsokoki sakewa

Kullum, safe da dare, minti 5. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu ɗaya a kan ciki. Ki ja numfashi ta hanci a hankali har cikinki ya taso, kina jin ƙasanki yana buɗewa yana sauka, sannan ki saki numfashin a hankali ba tare da matse komai ba. Wani zaman mai amfani shi ne ki durƙusa, ki buɗe gwiwoyi, ki zauna a kan dugaduganki, ki miƙa hannuwa gaba goshinki a ƙasa, ki yi numfashin a haka.

Ki yi hattara da atisayen matse gaba da ake yaɗawa a zaurukan mata na WhatsApp. Ga wadda tsokarta ta saki bayan haihuwa aka yi shi. Taki a ɗaure take, ƙara matse ta ƙara ciwo ne. Ki nemi likita ta tura ki sashen fisiyo, wato masu gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar tausa da motsa jiki, ki tambaya ko akwai wadda ta ƙware a lafiyar mata. Suna tausa tsokokin daga ciki, suna kuma koyar da amfani da wasu sanduna masu santsi da ake farawa da ƙarami a riƙa hawa, har jiki ya saba da shiga ba tare da tsoro ba.

Abubuwan da nake roƙonki ki bari

Matsi. Na san yadda ake tallarsa, na san yadda ƙawaye ke cewa shi ne riƙon miji. Amma bagaruwa da miski da sauran abubuwan cusawa aikinsu su tsotse ruwa su tsuke wuri, ke kuma bushewa da tsukewa su ne abokan gabarki. Suna kuma kashe ƙwayoyin halitta masu kare farji, su buɗe ƙofa ga cuta. Haka ma wanke ciki da sabulu ko Dettol.

Yankan gishiri. Har yanzu a wasu garuruwanmu, in amarya ta kasa karɓar miji sai a ce gishiri ne ko angurya, a kira wanzami ya yanka. Ciwonki a can cikin ciki yake, aska ba ta kai wurin, kuma yankan nan yana jawo zubar jini da tabo da yoyon fitsari. Ko wa ya kawo shawarar, ko da Hajiyarki ce, ki ƙi cikin ladabi.

Tramadol da duk wani abin gusar da hankali, don kawai ki iya kwanciya. Mata sun faɗa shaye-shaye ta wannan ƙofa. Sai maganin sanyi da ake saya a kemis wata bayan wata ba tare da gwaji ba. Ciwon sanyi gaskiya ne, shi ma yana sa zafin saduwa, amma in an yi gwaji an yi magani ke da maigida ciwon bai tafi ba, a nemi wani dalilin. Addu'a kuwa ki riƙe ta, ki haɗa da asibiti. Kada a ce miki aljani ne ya aure ki a tsaya nan.

Mataki na bakwai: asibiti

Ki nemi likitan mata, a babban asibiti in da hali. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen mata. Kina da damar neman mace ta duba ki, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin.

Kunya ce ke sa mu ce “marata ke ciwo” mu yi shiru. Ki faɗi jimlar yadda take: “Ina jin zafi can ciki lokacin saduwa, kuma ina so a duba ko endometiriyosis ne.” Ki ƙara da sauran alamomin in kina da su: ciwon al'ada mai hana aiki, zafi wurin bayan gida ko fitsari lokacin al'ada, kumburin ciki, gajiya, jinkirin haihuwa. Ki miƙa littafinki.

Za a iya yi miki hoto ta farji ko hoton babbar na'urar nan ta MRI. Hoton yana nuna ƙullutun ma'ajiyar ƙwai da ciwon da ya yi zurfi, amma ƙananan tsiro ba sa fitowa, don haka “ba mu ga komai ba” bai kore ciwon ba. Aikin leƙa ciki da kyamara ta ƙaramar huda a cibiya, wato lafaroskofi, shi ke nuna su. Sai dai ƙa'idojin likitocin Turai na 2022 sun yarda a fara magani bisa alamomi da hoto ba tare da jiran tiyata ba.

Har yau babu maganin da ke warkar da shi kwata-kwata, amma akwai masu danne shi sosai. Akwai ƙwayoyin tazarar haihuwa da ake sha a jere don a dakatar da al'ada, akwai wata ƙwayar sha mai suna dienogest, akwai allurar wata uku, akwai robar Mirena da ake sa wa a mahaifa. Akwai allurai masu ƙarfi irin Zoladex da ke tsayar da al'ada na ɗan lokaci, sai dai suna kawo bushewa da zufa, kuma dogon amfani da su na raunana ƙashi in ba a haɗa da wani magani ba. Wasunsu na sa ɗigon jini ba lokacin al'ada ba, wanda ke rikita mace a kan salla da kwanciya, don haka ki tambayi likita abin da za ki tsammata, ki tambayi malama hukuncin jinin ciwo. Tiyatar cire tsiron tana rage zafin saduwa ga mata da yawa, musamman in ƙwararre ne ya yi, ko da yake ciwon na iya dawowa. Ciki yana kawo sauƙi na ɗan lokaci ga wasu amma ba ya warkarwa, cire mahaifa ma ba tabbas ba ne in an bar tsiron a waje.

In haihuwa kike nema, ki faɗa tun zaman farko, domin magungunan can suna hana ɗaukar ciki muddin ana amfani da su, sai a tsara miki wata hanyar. Nan ne mata suka fi azabtar da kansu, ga gorin dangin miji ga ciwo, suna jure saduwa kullum. Ba a buƙatar haka. Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, don haka saduwa duk bayan kwana biyu ko uku a kwanakin da ke gab da fitar ƙwai ta wadatar, kuma ba sai an zurfafa ciki ke shiga ba. Ki tambayi man santsin da ba ya rage kuzarin maniyyi. In ciwon ya taɓa miki zuciya, kina kuka ba dalili, barci ya ƙaurace, shi ma ki faɗa, akwai masu ba da shawara kan haka.

Akwai kuma lokutan da ba a jiran ranar ganin likita. In ciwo mai tsanani ya taso kwatsam a gefe ɗaya na mara tare da amai ko jiri ko suma, in kin yi ɓatan wata sannan ga ciwon mara da ɗigon jini, ko ga zazzaɓi da ruwa mai wari, a tafi sashen gaggawa a daren, domin ƙullutu na iya fashewa ko ya murɗe, ciki kuma na iya zama a wajen mahaifa. Jini bayan saduwa da ke maimaituwa shi ma a duba bakin mahaifa, kada a jingina shi ga endometiriyosis kawai.

Kai kuma maigida, in ita ce ta turo maka wannan rubutu a waya ba ta ce komai ba, to maganar da ta kasa faɗa ke nan. Yau da dare ka tambaye ta a ina ne yake mata ciwo, kuma tun yaushe. Ranar da za ta koma asibiti ka ɗauki hutu a wurin aiki, ka shiga ɗakin likitan tare da ita.